Gargaɗi: ana tsaga obeche ana sayar mana da sunan balsa

Jama'a, musamman masu haɗa ƙananan jiragen sama na rimot da ɗaliban zanen gine-gine, ku yi hattara. Akwai wani mai talla a shafukan sada zumunta da ke cewa yana da itacen balsa ɗan waje (wani itace marar nauyi ƙwarai da ake irin waɗannan ayyuka da shi), da araha, ka tura kuɗi ya ɗora maka a mota. Ni dai ya cuce ni, kuma ba na so wani ya sake faɗawa.

Falle goma na saya, kowanne kaurin milimita 3, faɗin santimita 10, tsawon mita ɗaya. Da na karɓo a tasha na kwance ledar, sai ga su farare, an goge su sumul, har na ji daɗi. Da dare na zauna zan fitar da haƙarƙarin fiffiken ƙaramin jirgi, na ɗora reza, ta ƙi shiga. Wanda ya taɓa aiki da balsa ya san reza na ratsa shi kamar sabulu. Na danna farce, da ƙyar ya bar alama. Balsa na gaske ko ɗan yatsa ka matsa masa da ƙarfi sai ya lotsa.

Washegari na kai wa wani dattijon kafinta a unguwarmu. Ya jujjuya falle ɗaya, ya duba bakinsa inda zarto ya bi, ya ce min wannan obeche ne, irin wanda ke jibge a 'yan katako, an dai tsaga shi siriri a inji. Shi ne mutanen Ghana ke kira wawa, a Kamaru kuma ayous.

Sikeli ne ya raba gardama. Balsa na yau da kullum nauyinsa wajen kilo 160 ne a kowace mita ɗaya tsawo, faɗi da tsayi, obeche kuwa yana kai wajen 380. Ke nan in balsa ne, falle irin nawa ya kamata ya tsaya kusa da giram 50. Na ɗora, ya haura giram 110. Fiye da ninki biyu! A ƙaramin jirgi wannan ba wasa ba ne: injin zai wahala, batir ya ƙare da wuri, jirgin ba zai tsaya a sama ba sai da gudu sosai, in ya faɗo kuma ya yi raga-raga.

Arahar ce ya kamata ta farkar da ni tun farko. Mafi yawan balsa da ake ciniki a duniya daga ƙasar Ekwado yake fitowa, a Kudancin Amurka, kuma a 2019 da 2020 farashinsa ya yi tashin gwauron zabi saboda kamfanonin Sin da ke sa shi a cikin fukafukan injinan samar da lantarki ta iska. Abin da ya ƙetaro teku, aka biya kuɗinsa da dala, ta yaya zai zo hannunka a farashin katakon kasuwa?

Kada a fahimce ni baibai, obeche itace ne mai kyau. Ba ya yawan tsagewa, yana karɓar gam da fenti, kuma don samfurin gida ko na jirgin ruwa da za a ajiye a kan tebur, ya wadatar. Da mutumin nan ya faɗi gaskiya, da na saya a kuɗinsa ba tare da ɓacin rai ba. Ƙaryar ce ta ƙona min rai, musamman in na tuna ɗalibin da zai tsakuro daga kuɗin abincinsa ya tura.

Na kira mai tallan, ya rantse cewa wani sabon nau'in balsa ne mai ƙarfi. Na aika masa hoton sikelin, daga nan lambata ba ta sake shiga ba.

Don Allah, kafin ka tura ko sisi, ka ce ya ɗora falle ɗaya a kan sikelin lantarki ya ɗauko maka bidiyo, ya kuma danna farce ka gani. In ya fara kwana-kwana, ka riƙe kuɗinka. In kuwa obechen kake so, je 'yan katako da ƙafarka, ka zaɓi busasshe marar ƙwari, a tsaga maka a gabanka.