Daga Fort Morgan: kaya na da sauƙi, hannun mutum ne da tsada

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kowa yana lafiya, ga bayanin garin da kake ta tambaya.

Fort Morgan ƙaramin gari ne a jihar Kolorado ta ƙasar Amurka, kimanin kilomita 130 arewa maso gabas da Denba, babban birnin jihar. Ƙidayar 2020 ta ba shi mutum 11,597. Kusan rabinsu 'yan asalin Meziko ne da ƙasashen kudu da ita, sai Turawa manoma da makiyaya, sai 'yan Somaliya. Abin da ya tara mu shi ne mayankar shanu ta Cargill mai ma'aikata wajen 2,000, wasu su shiga da asuba, wasu da rana har dare. Akwai kuma kamfanin sukari na Western Sugar, wanda ba da rake yake aiki ba, da wani tushe ne mai kama da gwaza, sai kamfanin cuku na Leprino.

Ba fawa irin tamu ake yi ba. Nama na tafiya a kan bel, kowa na tsaye a wurinsa da wuƙa da safar hannu ta ƙarfe, yanka iri ɗaya zai yi ta maimaitawa cikin sanyi har a tashi. Shi ya sa fita salla take da wuya. A Disamban 2015 Musulmi kusan 150 suka rasa aiki a kan wannan batu, sai a 2018 kamfanin Cargill ya amince ya biya mutum 138 dala miliyan 1.5.

Abin dariya, garin da ake yanka dubban shanu kullum babu mahauci ko ɗaya a bakin titi. Nama a babban kantin Walmart yake, a naɗe cikin leda da farashi manne, ba tayi, ba gyara, kuma wasu kayan sai ka je biya za ka ga an ɗora haraji. Na halal sai shagunan 'yan Somaliya, ko ka tuƙa zuwa garin Aurora da ke kusa da Denba.

Shinkafa, madara, kaji, takalma, duk da sauƙi in ka auna da albashi, don a 2024 mafi ƙarancin lada a jihar dala 14.42 ne a awa. Wuta da ruwan famfo ba sa yankewa, sai dai takardar kuɗinsu ma ba ta makara. Inda ake jin jiki shi ne duk abin da sai mutum ya sa maka hannu. Bakanike da awa yake caji, ko ya gyara ko dubawa kawai ya yi. Fanka ta lalace, yarwa ake yi, don gyaran ya fi sabuwa tsada. Aski ni nake yi wa kaina. Asibiti kuwa, in ba ka da inshora, Allah ya kiyaye kawai. Babu ɗan acaɓa, babu adaidaita, wanda bai da mota sai roƙon abokan aiki, ga dusar ƙanƙara.

Don haka kuɗin da zan turo, a kai wa telanmu ya ɗinka mini shadda biyu, awona na wurinsa. A haɗa da kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji. Ka ce wa Inna kada ta cusa kilishi, kwastam ɗin nan ba sa barin nama ya shigo. A gaida yara.