Man kariyar rana mai "zinc oxide": yadda ya yi wa ɗiyata

Ɗiyata zabiya ce, shi ya sa ba na wasa da maganar man kariyar rana. Wanda muke shafa mata yanzu mai lamba SPF 50+ ne (SPF ma'aunin ƙarfin kariyar man ne daga ƙunar rana), an rubuta "zinc oxide" cikin kayan haɗinsa, a kemis muke saye. Tun da muka koma kansa, jan da wuyanta da kunnuwanta ke yi in ta taso makaranta ya ragu ƙwarai. Ba ya sa ta ƙaiƙayi, kuma in gumi ya gangaro ba ya mata yaji a ido irin na wani mai turare da muka taɓa gwadawa.

Maƙwabciyata ta ce ai hujewar ozon, iskar da ke kare duniya daga hasken rana mai cutarwa, ita ce ta jawo mana wannan ƙunar fata. Ba haka zancen yake ba. Sararin samaniya hawa-hawa ne kamar bene. Hawan ƙasa shi ne na gajimare, ruwan sama da hazo. A na biyu, wajen kilomita 15 zuwa 35 daga ƙasa, iskar ozon ta fi taruwa. Cikin hasken rana akwai wanda ido ba ya gani, ana ce masa UV, iri uku ne; ozon ke shanye UVC mafi haɗari gaba ɗaya, ta tare mafi yawan UVB mai ƙona fata, amma UVA kusan duk wucewa yake yi. Ramin da masana 'yan Birtaniya suka bayyana a 1985 can saman Antatika yake, kuma sakamakon yarjejeniyar Montreal ta 1987 da ta sa aka daina gas ɗin CFC na tsofaffin firji, yanzu ozon ɗin yana farfaɗowa a hankali. Mu namu daban ne: a ƙasashen zafi ozon ɗin dama bai kai na ƙasashen sanyi kauri ba, ga rana tsaye a ka. Fatar zabiya kuwa ba ta da isasshen sinadarin melanin mai ba fata launi da zai tare abin da ya sauko, daga nan kansar fata ke samun ƙofa.

Abin da ya sa na tsaya kan mai zinc ɗin ke nan, yana tare UVA da UVB duka.

Yana da nasa aibu. Kauri gare shi, sai an murza da kyau, yana kuma barin fari-fari. A jikinta ba ya nunawa, amma yayanta da ya shafa sai da fuskarsa ta yi toka-toka. Yana ɓata wuyan hijabi. Ga tsada, robar ba ta daɗewa tunda duk bayan awa 2 ake ƙarawa in ana waje.

Iyayen zabiya, ku saya in da hali, ku shafa har da lokacin hunturu, don hazo ba ya tare hasken duka. Kada kuma ku ajiye malafa, tabarau da riga mai dogon hannu saboda shi, musamman daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma.