Kafin a sayar da fili saboda aikin zuciya: saƙo daga Faransa zuwa Garwa

Yaya, barka da war haka, ya jikin 'yarmu? Allah Ya ƙara sauƙi. Na sa amsata a inda 'yan uwa na Marwa, Kusiri da Njamena za su gani, domin ba gidanmu kaɗai ke da wannan tambaya ba: likita ya ce ƙyauren zuciyar yarinya (wato 'yar ƙofar da ke hana jini komawa baya) ya lalace, shin a sayar da fili a fito da ita Turai?

Ka san aikina a nan Rouen, tura marasa lafiya nake yi a gadon taya daga ɗakin kwanciya zuwa ɗakin tiyata, in an gama in dawo da su. Ni ba likita ba ne, amma ina gani, kuma ina tambayar masu abin. A garin nan ne Farfesa Alain Cribier ya fara sa wa mutum sabon ƙyauren zuciya ba tare da an tsaga ƙirji ba, a watan Afrilun 2002. Yau ya zama aikin yau da kullum. Na taɓa kai wata tsohuwa da ta haura shekara 80, numfashi sama-sama, ko magana ba ta iya haɗawa. Ta jijiyar matsematsi aka zura siririn bututu har zuciya. Washegari na tarar da ita zaune a kujera tana shafa wa burodi man shanu, ɗan bandeji ne kawai a cinyarta. Wannan shi ne abin da kuke gani a Facebook har ranku ya biya. To amma an ƙirƙiro shi ne don ƙyauren da tsufa ya busar, ba irin ciwon 'yarmu ba.

Namu daga maƙogwaro yake farawa. Yaro ya yi ciwon wuya da zazzaɓi, a ce sanyi ne ko a nemi wanzami ya duba beli. Bayan 'yan makonni gwiwa da idon sawu su kumbura, daga nan garkuwar jiki ta koma tana cin ƙyauren zuciya a hankali, sai bayan shekaru a ga yarinya ba ta iya hawa tudu da bokitin ruwa. A nan Faransa ciwon ya kusa ɓacewa, don likita na dangwalar maƙogwaron yaro da auduga a ofishinsa, cikin 'yan mintoci ya san ko ƙwayar cutar da ke jawo wannan ciwo ce, ya rubuta magani. In aka kwantar da mai irin wannan ciwo, galibi baƙo ne, sai ka ga ɗaliban likita sun yi layi kowa na son ya saurari ƙirjinsa.

Yanzu maganar da nake so ka zauna da likitanta a kai. In ƙyauren tsukewa ya yi, wani lokaci ana buɗa shi da balan-balan ta jijiya, ba yanka. In zai gyaru, gyara ya fi canji. Farfesa Alain Carpentier na Paris da wannan ya yi suna. In ya ƙi gyaruwa, zaɓi biyu ne. Akwai na nama, daga tantanin zuciyar saniya ko daga alade (wannan sai a tambayi likita wanne ne, a kuma ji ta bakin malamai). Shi ba ya ɗaure mutum ga maganin tsinka jini har abada, amma yana saurin lalacewa a jikin matashi, dole wata rana a sake buɗe ƙirji. Akwai na ƙarfe, mai ƙarko, wanda in ɗaki ya yi shiru kana jin ƙarar sa ƙyas-ƙyas kamar agogon hannu. Mai shi zai sha maganin tsinka jini, Sintrom ko Coumadine, kullum har ƙarshen rayuwa. Maganin ya yi yawa, jini ya ɓalle. Ya yi kaɗan, jini ya daskare a kan ƙarfen, a wayi gari ɓarin jiki ya shanye. Kuma yana iya cutar da ɗan tayi, ga 'yarmu budurwa ce, aure da haihuwa na gabanta in Allah Ya yarda.

A nan ne Faransa ta yi mana nisa, Yaya, ba a wuƙar likita kawai ba. Mai ƙyauren ƙarfe yana awon jini da ake kira INR a kai a kai, aƙalla sau ɗaya a wata. Ɗakin awo na nan a kowace unguwa. In ba ka iya fita, nas ta zo gida ta ɗiba, kafin la'asar sakamako ya fito, likita ya bugo waya ya ce ƙara kwata ko rage kwata. Ciwon zuciya mai tsanani yana cikin cututtukan da inshorar gwamnati ke ɗauke wa mutum kuɗinsu, kati kawai zai miƙa a kantin magani. Wasu har ƙaramar na'ura ake ba su, su huda yatsa su auna da kansu. Ka ce in aiko da ita. Zan iya, amma ba ta aiki sai da 'yan takardun awonta, su kuma suna ƙarewa, suna da tsada, ba sa son zafi, ka kuwa san Garwa a watan Afrilu. Don haka kafin kowa ya sa hannu a kan ƙarfe, a fara sanin wane ɗakin awo ne ke yin INR kusa da gida, wane kanti ne maganin ba ya yankewa, wa za a kira in sakamako ya kauce. Mutumin da ke ƙauye bayan Fitowa, da damina, lissafinsa daban ne da na mazaunin gari.

Wani zai ce ai akwai sababbin magungunan tsinka jini da ba sa bukatar awo. Kada a yarda. An gwada ɗaya, dabigatran, a kan masu ƙyauren ƙarfe, dole aka tsayar da binciken saboda daskarewar jini da zubarsa sun ƙaru. A 2022 kuma aka fitar da binciken INVICTUS, mutum sama da 4,500 a ƙasashe 24, masu ciwon irin namu da bugun zuciyarsu ya rikice: waɗanda suka sha tsohon magani mai awo sun fi masu shan sabon magani rivaroxaban tsira da rai.

Na san kalmar gwaji tana tayar mana da hankali, tun abin da ya faru da yaran Kano lokacin sanƙarau a 1996, kuma muna da hujja. Amma a nan na ga yadda ake yi: a karanta wa mutum takarda, a ba shi lokaci ya je gida ya yi shawara, in ya ƙi ba abin da zai ragu a kulawarsa. Binciken da ya fi yi mini daɗi ma a Afirka aka yi shi. A Gulu, arewacin Yuganda, an bi yara sama da 800 da hoton zuciya ya nuna ciwon ya fara amma bai bayyana ba. Rabi ana yi musu allurar fenisilin kowane mako huɗu. Bayan shekara biyu, cikin masu allura ƙasa da 1 cikin 100 ne ciwonsu ya ci gaba, cikin marasa allura kusan 8 cikin 100. Allura ce mai zafi, mai araha, wadda nas ɗin unguwa zai iya yi. Ko an yi wa 'yarmu aiki ba za ta daina ta ba sai likita ya ce, kuma ƙannenta duka a kai su a ɗauki hoton zuciyarsu.

Game da inda za a yi aikin, ba lallai sai Turai ba. Cibiyar zuciya ta Shisong a Kumbo ta buɗe tun 2009, sai dai rikicin yankin ya sa zuwa can ya yi wuya. Ana yin aikin a Yawunde da Duwala ma. 'Yan uwanmu na Chadi da yawa sun san cibiyar Salam ta Khartum, wadda ƙungiyar Emergency ta Italiya ta buɗe a 2007, aiki kyauta, amma yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya dagula hanyar. Ga ƙananan yara akwai ƙungiyar Mécénat Chirurgie Cardiaque da Farfesa Francine Leca ta kafa a 1996, likitan yaro ne ke aika takardu, ba dillali ba. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya sama muku gurbi, a guje shi.

Abu ɗaya da gida ya fi nan, mai jinya. Ina ganin tsofaffi a ɗaki tsaf, na'ura ta ko'ina, amma ranar ziyara ta wuce ba wanda ya leƙo. In aka yi aikin a Kamaru, uwarta na gefenta tana dama mata kunu, kuma likitan da ya yi aikin yana inda jirgin ƙasa daga Ngaundare zai kai ku.

Sai batun Inna da hawan jininta. Binciken CREOLE na 2019, wanda Kamaru na cikin ƙasashe shida da aka yi shi, ya nuna haɗin magani mai amlodipine a ciki ya fi sauke jinin baƙar fata. A tambayi likitanta ko ya dace da ita, a daina sayen ƙwayoyin da rana ta gasa a tebur, a rage gishiri, dunƙulen ɗanɗano da kanwa a miya. Na'urar awon jini ta damtse zan ba mai zuwa ya kawo, wannan batir kawai take ci. A gaishe ta da kyau, a gaida mutanen gida duka.