Yukatan ko Oaxaca, wanne za ku bi kai da madam?

Salam ɗan uwa. Ka ce kai da madam kuna da sati biyu a Meksiko, jakar goyo kawai za ku ɗauka, kuna son ganin garuruwa da bakin teku da kufan mutanen da, to wanne ya fi tsakanin ɓangaren Yukatan da na Oaxaca. Ni da uwargida mun taka duka biyun, don haka abin da idona ya gani zan faɗa maka. Oaxaca ɗin nan Wahaka suke furta shi, ka riƙe wannan saboda wajen yankan tikiti.

Yukatan dai sauƙi ne da shi, ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya kamar faranti ba hawa ba gangara, kuna sauka Kankun ku shiga bas ɗin ADO, wajen awa biyu kun isa Valladolid, ƙaramin gari mai kwanciyar hankali, daga nan kufan mutanen Maya na Chichén Itzá kilomita 40 ne da ɗan wani abu. Babbar dalar wurin matakala 91 ce a kowane gefe cikin huɗun, in ka haɗa da dandamalin sama 365 kenan, adadin kwanakin shekara. An hana hawa yanzu, amma ka tsaya gaban matakalar ka yi tafi, sautin zai dawo maka kamar kukan tsuntsu, uwargida sai da ta maimaita ya fi sau goma. Matsalar ita ce tun da aka sa wurin cikin sabbin abubuwan al'ajabi bakwai na duniya a 2007 jama'a suka yi masa caa, in ba ƙarfe 8 na safe kuka shiga ba to rana da cunkoso da masu talla za su cinye muku daɗin. Kufan Uxmal da ke kusa da garin Mérida ya fi natsuwa nesa ba kusa ba. Sai kuma cenote, wasu ramuka ne a cikin dutse cike da ruwa garai-garai mai sanyi, wannan kam Oaxaca ba ta da irinsa.

Tulum kufan ƙanana ne, abin da ya ɗaga su shi ne suna kan gaɓar dutse teku na ƙasansu shuɗi shar. Amma tsada malam, ɗaki da tasi duk farashin masu dalar Amurka ne, kuma daga wajen Afrilu zuwa Agusta wata ciyawar teku da suke kira sargazo takan taru a bakin ruwa ta ruɓe tana wari.

Oaxaca kuwa gari ne da mutanensa ke zaune a ciki suna harkarsu, ba don baƙi aka gina shi ba, kuma nan ne zuciyata ta fi kwanciya. Yana kan tudu mita 1,500 da ɗoriya don haka da dare akwai ɗan sanyi mai daɗi. Monte Albán bai wuce kilomita 10 daga gari ba, mutanen Zapotec ne suka sare kan dutse suka baje shi suka kafa birni tun wajen shekara 500 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), kana tsaye a can kana hango kwari ta kowane gefe, iska na kaɗawa, ba mai tura ka. Kasuwa kuma sai ka rantse gida ka dawo, mata zaune da kwanduna cike da soyayyar fara da yaji da lemun tsami, chapulines suke ce mata, uwargida tana gani ta riƙe hannuna ta ce wallahi fara ce, muka sayi kofi ɗaya muka tsaya nan muka cinye. Jan abin shan da za ka gani cikin manyan kwalabe, agua de jamaica, zoɓo ne tsaf, ga na tsamiya a gefensa.

Ta fannin teku dai Yukatan ta fi don wanka, gaskiya ɗaya ce. Tekun Pasifik na Puerto Escondido, a gaɓar ɓangaren Oaxaca, ƙarfi gare shi, Zicatela na masu hawa igiyar ruwa ne, kar ku kuskura ku shiga, ku gangara Carrizalillo inda ruwan yake kwance duk da matakalar tana da yawa. Zipolite kuma kar ka kai iyalinka, an yarda mutane su yi yawo tsirara a wurin. Da can hanyar daga Oaxaca zuwa gaɓar awa shida zuwa bakwai ce ta kwana-kwana cikin duwatsu har amai ake yi, amma sabon titin da aka buɗe a 2024 ya maida ita wajen awa uku.

Abinci sai an kula a duka biyun. Shahararren abincin Yukatan, cochinita pibil, alade ne, tacos al pastor ma haka, a Oaxaca kuma tlayuda, wata faffaɗar gurasar masara, ana shafa mata kitsen alade mai suna asiento kafin a zuba wake, waken ma sau da yawa da manteca, wato man alade, ake soya shi. Ku haddace "sin puerco, sin manteca", wato ba alade ba man alade, mu dai kifi da ƙwai da avocado muka fi dogara da su, ruwan famfo kuma ba a sha.

In madam wanka a teku ne babban burinta, ko wannan ne karon farko da za ta goya jaka, ku bi Yukatan ku yada zango a Valladolid da Mérida, Tulum kwana ɗaya ya isa. In ba haka ba ni Oaxaca zan ce, kuɗinku zai fi auki, kuma in kun sauka ta birnin Meksiko ga kufan Teotihuacán kilomita 50 kacal kafin ku gangara kudu. Kar dai ku ce sai kun haɗa duka a sati biyu, a cikin bas hutun zai ƙare. In kwana uku suka ragu akwai bas ɗin dare daga Oaxaca zuwa San Cristóbal de las Casas a Chiapas, akwai Musulmi 'yan ƙabilar Tzotzil da masallatansu a gefen garin, sai dai ku tafi da rigar sanyi mai kauri don garin ya haura mita 2,000.