Jirgin inji ko kwalekwale: zaɓi biyu a kogin Tems

A kogin Tems na Ingila, daga unguwar Tedintin da ke Landan zuwa mafarin kogin, Hukumar Kula da Muhalli ce ke yi wa jirage rajista, kuma kwalekwalen filafili bai kuɓuta daga wannan ba. Sai dai nauyin da ke kan mai jirgin inji ya fi yawa, domin ana ƙayyade kuɗin rajistarsa bisa girman jirgin, sannan sai ya nuna inshora, ga kuma takardar shaidar lafiyar jirgi ga mafi yawansu.

A madatsai 45 da ke ɗaga jirgi ko sauke shi, mai inji yakan jira layi, ya ɗaure igiya, ya kashe inji. Mai filafili kuwa, a madatsai irin ta Molsi, yana iya jan kwalekwalensa ta kan sanduna masu juyawa da aka shimfiɗa a gefe ya wuce.

Saɓanin yana kan buɗaɗɗen ruwa. An hana jirgin inji wuce kilomita 8 a awa, amma igiyar ruwan da yake tayarwa tana iya cika siririn kwalekwale. Shi ma matuƙin kwalekwale, idan yana tuƙi a zaune yana bai wa inda ya dosa baya, yakan tare hanya bai sani ba, ko da yake a ganina haɗarin ya fi faɗa masa.