Stairway to Heaven a bakin Heart: bidiyon ya ci kuɗin datarsa

Stairway to Heaven ta ƙungiyar mawaƙan Led Zeppelin waƙa ce mai son haƙuri. Ta fito a 1971, tsawonta minti 8, kuma sai an haura minti 4 ana jita da sarewa kafin mai gangarsu John Bonham ya taɓa ganga. A ɗakin kawuna na fara jin ta a Kakuri, lokacin yana aikin masaƙa. Yana da faifanta, in ya ɗora allura ba mai ƙara cewa uffan. Shi ya sa ba na son jin wasu sun maimaita ta, yawancinsu gaggawa ke kashe su.

Ta ƙungiyar Heart daban ce. A Disamba 2012 suka rera ta a Washington, wurin bikin karramawa na Kennedy Center Honors, 'yan Led Zeppelin uku, wato mawaƙinsu Robert Plant da mai jita Jimmy Page da John Paul Jones, na zaune a bene kusa da Obama suna kallo. Nancy Wilson ta Heart ta buɗe da jita, yayarta Ann ta ɗauki waƙar a hankali, ba ta kwaikwayi muryar Plant ba ko kaɗan. Da tata ta zo, mai kauri, tana ƙara mata nauyi baiti bayan baiti.

Abin da ya kama ni shi ne mai ganga. Jason Bonham ne, ɗan John ɗin da ya rasu a 1980, rasuwar da ta sa Led Zeppelin ta watse. Mu da muka saba ganin ɗan makaɗi ya rataya kalangun ubansa a gaban tsoffin abokan uban, ba sai an yi mana bayani ba. Ya sa baƙar hula irin ta mahaifinsa. Can wajen ƙarshe aka yaye labule, sai ga dandazon 'yan amshi, su ma da irin hular, suka ɗaga muryar Ann sama. Kyamara ta juya kan Plant, idonsa ya cika da ƙwalla. A wannan gaɓar, wallahi, ta fi ta faifai ratsa jiki.

Tana da nata naƙasun. An gutsure waƙar, ba ta kai tsawon ta asali ba, kuma kaɗa jitar nan da Page ya yi suna da ita an yi ta tsaf amma babu zafinta. Masu ɗaukar hoton kuma sun cika yanke mawaƙa suna nuna manyan baƙi.

Bidiyon na YouTube. Kada a kalle shi da lasifikar waya a cikin Keke Napep ana hayaniyar Kawo, ganga da 'yan amshi duk za su dunƙule su zama ƙara. A sa abin ji a kunne da daddare, kuma a fara sauraron ta 1971 har ƙarshe kafin a buɗe wannan.