Meeting Guide: manhajar da ta kai ni taron masu barin giya ban tambayi kowa ba

Wata goma sha huɗu ke nan rabona da giya. Ina tuƙin tasi da dare a New York, kuma na kwashe shekara shida barci ba ya ɗaukata in na tashi aiki sai na sha. Na daɗe da sanin ina buƙatar taimako, kunya ce ta ɗaure ni. A Bronx Hausawa muna da yawa, na Najeriya da na Nijar da na zangunan Ghana, kowa ya san kowa. Wa zan tsayar a ƙofar masallaci in ce masa, Alhaji, ina ake taron mashaya?

Wata ma'aikaciyar jinya ce ta nuna min manhajar Meeting Guide, ranar da aka kwantar da ni saboda rawar jiki da zufa bayan na yanke giya rana ɗaya da kaina. Ta ja min kunne sosai: wanda jikinsa ya saba da sha kullum, in ya bari farat ɗaya ba likita, yana iya faɗuwa kamar mai farfaɗiya, har ta kai ga rasa rai. Don Allah wanda ke wannan hali ya fara da asibiti.

Manhajar ta ƙungiyar Alcoholics Anonymous ce, wadda ake kira AA, ƙungiyar mashaya masu taimakon juna su bar giya, wadda Bill Wilson da Dakta Bob Smith suka kafa a garin Akron na jihar Ohio a 1935. Kyauta ce, alamarta farar kujera mai naɗewa. Ba ta nemi sunana ko lambar wayata ba, kuma wannan ne ya fara kwantar min da hankali. Kana buɗe ta za ta jero maka tarukan da ke kusa da kai, da lokaci da adireshi da nisan tafiya. Kana iya zaɓar na maza zalla, na mata, na sababbin shiga, ko na intanet. Akwai taron da kowa zai iya halarta har da iyali, akwai wanda sai mai son barin giya. Ga mai aikin dare irina, ganin akwai taron safe da na tsakar rana ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Da gangan na zaɓi wanda ya yi nisa da unguwarmu. A ɗakin ƙasa na wani coci ake yin sa, na yi minti goma a bakin ƙofa ina wasiwasi. Ashe hayar ɗakin kawai suke yi. Kujeru a jere, tulun kofi a gefe, mutum kamar ashirin. Kowa sunansa na farko kaɗai yake faɗa. Da aka zo kaina na ce yau sauraro zan yi, ba wanda ya matsa min. Wani dattijo ya ba da labarin yadda yake ɓoye kwalba a but ɗin mota, ya tauna cingam kafin ya shiga gida. Sai na ji hawaye na zubo min, don abin da nake yi ke nan, kuma ban taɓa jin wani ya faɗe shi a fili ba.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne addini. Matakansu goma sha biyu suna maganar miƙa lamari ga Ubangiji gwargwadon yadda mutum ya fahimce Shi, da bin diddigin laifukanka, da neman yafiyar waɗanda ka cuta. Ni tuba da mayar da haƙƙi na gani a ciki, abin da aka koya mana tun muna makarantar allo. Amma wasu tarukan da addu'ar Kiristoci suke rufewa, ana riƙe da hannun juna. Nakan yi shiru in yi tawa a zuci, kuma na fi zuwa waɗanda ba sa yin haka. Daga baya na ji labarin Millati Islami, wadda Musulmi suka kafa a Baltimore a 1989 a kan wannan tsari, ga wanda zuciyarsa ta fi natsuwa da hakan.

Sau ɗaya na je wani adireshi na tarar da ƙofa a kulle, masu taron sun sauya wuri ba su sanar ba. Tun daga nan nakan riƙe biyu a lissafi. Yawancin tarukan yankinmu da Turanci ne ko Sifaniyanci, kuma ina tausaya wa ɗan'uwan da Turancinsa bai nuna ba. Kuɗi kuwa, kwando ake zagawa da shi, ka saka dala ɗaya ko biyu in kana da hali.

Dattijon nan shi ya zama mai kula da ni, ina kiransa duk lokacin da sha'awar ta taso, ko ƙarfe uku na dare ne. Ranar da na cika kwana 90 aka ba ni ɗan kwabon shaida. Matata ta tsince shi a aljihun wandona za ta yi wanki, ta ce, "Maigida, wannan kuma kuɗin wace ƙasa ne?" Na zaunar da ita na faɗa mata komai. Taron da aka yarda iyali su shiga na ranar Asabar, tare muka je.